Shuɗin da ke Bakin Ƙashi

Wata daga cikinku ta rubuto ta ce, "Dijatu, ke ba ki kuka ne?" Ina yi. Rubuta shi ne ba na yi. Ga abin da ya faru ranar Alhamis, ku yanke hukunci da kanku.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ƴar Filinge ce, shekarata talatin da ɗaya. Shekara shida na yi a Faransa, a wani labo, ɗakin binciken kimiyya, ina nazarin yadda ƙashi ke girma a jikin ɓeraye. Na dawo da jaka ɗaya don zaman makokin yayata Habsa, wadda ta rasu wurin haihuwa tare da abin da ke cikinta. Mako biyu na ce zan yi. Ina kwana na tara sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, takardar zamana ta can ta ƙare a cikin jaka. Wata goma sha biyar ke nan. A unguwa ana ce mini likitar ɓeraye, ba na musu.

Habsa ta bar ɗiya ɗaya, Haske, shekararta huɗu. Uban ya tafi Kwatano bayan sadakar arba'in, bai sake kira ba. Haske tana da babban kai da goshi a turo, hannayenta da ƙafafunta gajeru ne. In ta ɗaga hannu da ƙyar yake taɓa tsakar kanta. Ga surutu, ga tsiwa, ga son ƙosai. Ranar da na fara ganinta na san abin da ke gare ta, don ɓerayen da na yi shekara shida a kansu irin halittarta gare su.

Sai Hamani. Ma'aikacin kiwo ne, shi ke yi wa shanu allura daga nan har Sanam. Dogo, mai magana a hankali. An kawo goron tambaya wata biyu da suka wuce, kuma ba wanda ya tilasta ni. Ina son shi. Na rubuta wannan a fili don kada ku ce daga baya ban damu ba.

Mahaifinsa, Baba Maikano, shi ne maɗorin garin Tabla. Nan matsalar take. Innata da mahaifiyar Hamani, Tambara, sun gama magana cewa za a kai Haske a ɗaure mata ƙafafu cikin kara kwana arba'in, wai su miƙe su yi tsawo. Ranar Alhamis aka sa.

Da safe na fito na tarar Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi tana ɗaure kaya. Zannuwa biyu, kwanon langa cike da dawo, sabulu, da rigar Haske ta leshi mai ruwan ƙwai, wadda aka yanko daga zanen Habsa aka naɗe hannun sau biyu.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau. Ki shirya, mota ba ta jiran mai karatu."

"Inna, na gaya miki kara ba ya ƙara wa ƙashi tsawo."

"Kin gaya min. Na ji. Ɗauko min igiyar can."

"Kwana arba'in ba ta taka ƙasa ba, naman ƙafarta zai saki. Tafiyar da take yi yanzu ma sai ta sake koya."

Ta ɗago ta dube ni. "Ke Dija, mi kinka sani? Ɓeraye kinka sani. Maikano tun ba a haihe ki ba shina ɗora mutane. Kawunki da raƙumi ya kayar, wa ya tashe shi?"

"Kawu karyewa ya yi. Ita ba ta karye ba."

"Ɗiyar waccan ba ta zama abin nuni a kasuwa ina da rai."

Waccan. Habsa ce ƴar farinta, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ta mutu. Ko a makoki ban ga hawayenta ba. Sai dai tun ranar ba ta sake ɗaura zane mai ja ba.

Haske ta fito daga ɗaki tana jan takalmina, ƙafarta duka biyu cikin ɗaya.

"Ƙawata," Inna ta ce mata, "yau za a kai ki gyara, ki dawo kin hi ni tsawo."

"Na fi ki kyau dai," in ji Haske. "Ke ba ki da haƙori."

Inna ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Wayata ta yi ƙara a kan taga, inda na jona ta da batirin pano, faifan hasken rana, don wuta ba ta zo ba tun shekaranjiya. Hamani ne.

"Bonjur Dokta. Na riga ku isowa Tabla. Baba ya ce ku taho da wuri kafin rana."

Na rubuta: "Ka yi masa maganar da muka yi?"

Ya daɗe yana rubutu, yana gogewa. Sai ga shi: "Ki taho dai. Komi zai yi daidai insha Allah."

Maganar da muka yi ita ce wannan. A jakar da na dawo da ita akwai ƴan kwalabe biyu, kowace ba ta fi babban yatsa ba. Shugabar labonmu ta bar mini su don an gama auna su. A cikin kowace akwai ƙwarangwal na ɗan ɓera, yana shawagi cikin ruwa mai kauri, ja da shuɗi. Inna ta taɓa ganinsu ta ɗauka turare ne, da ta duba da kyau ta yi a'uziyya ta hana ni ajiye su kusa da randa.

Mako uku da suka wuce na kai wa Hamani su a wurin aikinsa. Muka zauna a benci, ya ɗaga su a rana yana juyawa.

"Ya ake yi nama ya ɓace, ƙashi ya tsaya?" ya ce.

Na gaya masa. Ana ɗaukar ɗan ɓera ranar da aka haife shi. A kashe shi da sauri. A cire fata da matsefata, a cire kayan ciki. Ya kwana biyu cikin alkol, wato sifirit, sannan cikin asiton, ruwan da mata ke goge jan farce da shi, don kitse ya fita. Daga nan rini biyu. Shuɗi yana kama guringuntsi kaɗai, ja yana kama ƙashin da ya riga ya yi ƙwari. Sai a sa shi a potas, ɗan'uwan ruwan toka amma ya fi shi ci, ya cinye nama har ya koma kamar gilashi. Nan ne gwaninta take. In ka cire da wuri ba ka ganin komai, in ka makara ƙasusuwan su watse a gindin kwalba kamar tsaki. Na ɓata sun fi talatin kafin hannuna ya faɗa. A ƙarshe a ajiye shi cikin gilisirin, irin wanda ake zubawa a man shafawa.

"Dubi bakin ƙashin cinya," na ce. "Ka ga shuɗin nan? Daga nan tsawo ke fitowa. Guringuntsi ya yi ta haihuwa yana jeruwa, ja yana bin sa a baya yana mayar da shi ƙashi. Yanzu dubi ɗayan. Uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su. A nasa an taka wa shuɗin burki tun yana ciki. Ko ka ja ƙafar da igiya, burkin yana nan."

Ya yi murmushi. "Ashe sana'armu ɗaya. Ku da ɓera, mu da kaza."

A gidansu, in za a ɗora mutum, sai a kama kaza a karya mata ƙafa daidai inda ta mutumin ta karye, a ɗaure su rana ɗaya. Ranar da kaza ta taka, ranar ake kwance mutum. Ban yi dariya ba da ya faɗa mini. Wanda ya ga dabba ya karanta mutum a jikinta, ai ba baƙona ba ne. Ina jin ranar ce na gama yarda da shi.

"Zan yi wa Baba magana," ya ce. Abin da ya ce ke nan.

To, ranar Alhamis na sa atamfata mai ganyen kuka, na yafa farin mayafi don gidan surukai za ni, na zura kwalaben biyu a jakar hannu. Inna ba ta bi mu ba, ta ce ƙafarta. A ƙofar gida ta gyara wa Haske ɗankwali sau uku.

Motar Hiyas ɗin da muka shiga ta cika da buhunan sabon gero da wata akuya. Sau biyu aka sauke mu a shingen soja ana duba katin ɗan ƙasa. Haske ta zauna a cinyata tana ƙirga rumbuna, in ta kai bakwai ta koma ɗaya.

Gidan Baba Maikano yana bakin gari, da babbar rumfa ta zana a waje. Mutum uku na kwance a ƙarƙashinta, kowane da ƙafa cikin kara. Kusa da kowane akwai kaza ɗaure da turke, ƙafarta naɗe da tsumma. Na ƙirga ba da niyya ba, aikin labo ya saba mini. Mutum uku, kaza uku.

Hamani ya taryo mu cikin shadda ruwan toka, ya karɓi ƙullin kaya, bai yarda mun haɗa ido ba. Tambara ta fito, farar tsohuwa mai zoben azurfa a kowane yatsa, ta amsa gaisuwata tana kallon Haske daga sama har ƙasa.

"Ita ce wagga? To. Ku shiga, shina jira."

Baba Maikano yana zaune a kan buzu a zaure, ƙaramin tsoho mai manyan hannaye. A gefensa karare ne a fere, an jera su, gajeru daidai ƙafar yaro. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ya hanya? Ya mutanen Hilinge?"

Muka gama gaisuwa. Ya miƙa wa Haske dabino, ta matsa, ya kama gwiwarta yana latsawa a hankali da babban yatsa, ya bi ƙwaurin har idon sawu. Ita tana cin dabinonta.

Na san ba a yi. Yarinyar da ake nema ba ta buɗe baki a gaban uban miji, balle ta koya masa sana'arsa. Na buɗe jaka na ajiye kwalaben biyu a bakin buzunsa.

"Baba, ka gafarce ni. Ina so ka duba wannan kafin ka ɗaure ta."

Hamani daga bakin ƙofa ya ce, "Dija."

Tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya karkata wajen hasken ƙofa, ya daɗe. Ya ɗauki ta biyu. Ya haɗa su gefe da gefe.

"Ikon Allah. Ga haƙarƙari, ga ƙugu. Jan nan ƙashi ne?"

"Ƙashi ne, Baba."

"Shuɗin kuwa guringuntsi. Shekara hamsin ina taɓa shi da hannu, ban taɓa ganin shi da ido ba." Ya nuna gajeren da farce. "Wanga ba karyewa ya yi ba."

"A'a. Haka aka halicce shi."

"Awo." Ya ajiye su a hankali. "Ɗiyata, da kinka shigo, kaza nawa kinka gani a waje?"

"Uku."

"Masu jinya nawa?"

"Uku."

"Da na yarinyar ga, da huɗu ne. Tun jiya ake kama kazar mai zuwa. Ban kama ba. In na kama, ina zan karya mata? Babu inda ya karye." Ya dafa kan Haske. "Tun ran da Tanne ta kawo min ita, watan jiya, na gaya mata. Na ce wagga ba aikina ba ce, aikin Mai Sama ce, kuma ya gama."

Tanne sunan Innata ne. Ban san ta taɓa kawo Haske Tabla ba. Ranar ta ce mini biki za su.

"To Baba, kararen nan na mene ne?"

Tambara ce ta amsa daga bayan labule, ashe tana tsaye.

"Na rufin asiri ne. Ke da kinka yi karatu sai an buɗe miki komi? Danginmu sun ce ba su ɗauko mata daga gidan da anka haihi wada. In yarinya ta kwana arba'in cikin ɗori a gidan ga, kowa ya gani da idonshi, sai a ce ciwo ne ya same ta tana jinjira, Maikano ya yi iya yinshi. Ciwo ba ya bin jini. Shi ke nan, a ɗaura aure bayan an gama kaka. Uwarki da kanta ta kawo shawarar, tana kuka."

Inna. Tana kuka. Matar da ba ta yi kuka a kan gawar ƴarta ba.

"Da sako-sako zan ɗaure," tsohon ya ce, idonsa a ƙasa. "Ba ta jin zahi."

Na juya wajen labulen. "Inna Tambara, wannan abin ba ya ɓuya a jini. Wanda ke da shi, ana ganinsa a jikinsa. Habsa ba ta da shi, mijinta ba shi da shi, a kan Haske ya fara. Ni ba ni ɗauke da shi. Yadda zai iya faɗo wa ɗana, haka zai iya faɗo wa ɗan kowa a garin nan."

"Ni na yarda," ta ce. "Je ki tara ƴan'uwan Maikano da nawa a dandali, ki nuna musu ɓera cikin kwalba."

Ba ta yi ƙarya ba. Shi ya fi ciwo.

Sai na dubi Hamani. Abu ɗaya nake so in sani.

"Ka sani?"

"Dija, mu fita waje mu yi magana."

"Ranar da muka zauna a benci ina nuna maka shuɗi da ja, ka sani?"

Ya shafa fuskarsa. "Na sani. Na ce kwana arba'in ne kawai. In an ɗaura aure, gidanmu za ta zauna, ni zan riƙe ta kamar tawa. Wallahi don ke na yi shiru. Don mu."

Kwana arba'in kawai. Yarinya mai gudu a kwantar da ita, mutane suna shigowa suna cewa Allah sarki, a koya mata cewa a karye take. Sannan ta tashi ta tarar ba ta ƙaru da ko ɗan yatsa ba, ta ɗauka ita ce ta kasa warkewa. Duk don in sa lalle.

Ban faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na kwance mayafina, na sunkuya, na ce, "Haske, hau." Ta yi girma da goyo, amma ƙafafunta ba su wuce ƙuguna ba. Na ɗaure farin mayafin a ƙirji, a gaban surukai, kaina ba lulluɓi sai ɗankwali.

Na miƙa hannu zan ɗauki kwalaben, Baba Maikano ya riƙe ta gajeren ɓeran.

"Tambaya ɗaya, ɗiyata. Irin wanga, in ya girma, shina tahiya? Shina cin abinci, shina haihuwa?"

A takardu na karanta amsar. Amma aikina a kan ranar haihuwa yake. Ƴan ɓeraye ɗari huɗu da wani abu suka bi ta hannuna.

"Ban taɓa barin ko ɗaya ya girma ba, Baba."

Ya jinjina kai. Ya sa mini kwalbar a tafin hannu ya rufe da nasa. Ya dubi Haske. "To ki bar wagga ta girma."

Ya tattara kararen ya tura su bayan buzu. Tambara ta saki labule. Hamani ya biyo ni da ƙullin kaya har bakin hanya, muka tsaya a rana har wata mota ta zo. Ya miƙa ƙullin ga direba. Ya ce, "Zan kira ki." Na ce to.

Mun wuce shingen farko Haske ta taɓa haɓata.

"Inna ƙarama, ba a gyara ni ba."

"Ba ki lalace ba."

"Ƙawata ta ce zan fi ta tsawo."

"Ba za ki fi ta ba. Za ki fi ta haƙori."

Ta yi tunani a kai, ta ga cinikin bai yi muni ba, ta koma ƙirga rumbuna.

La'asar muka iso. Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ga Haske ta sauko daga bayana ta ruga wajen akuya da ƙafafunta, ta ga mayafina a yamutse. Ta ajiye rariya. Ta shiga ɗaki, ta fito da kwaryar da aka kawo goron tambaya a ciki, ta ajiye a ƙofar ɗakina, wato in mayar musu da abinsu.

"Na rasa ɗaya," ta ce. "Na so in ga ɗayar a ɗakinta kahin in bi ta. Laihina ke nan."

Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ni. Ta ce, "Habsa ma da haka za ta yi."

Ta koma ta ɗauki rariyarta.

Kwaryar tana nan inda ta ajiye ta, ina tsallake ta safe da yamma. Hamani bai kira ba. Saƙon murya ya turo, minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya, mutumin da bai taɓa wuce rabin minti ba. Yau kwana uku ban buɗe shi ba. Na ga yana hawa layi yana sauka, yana duba ko na saurara. Ɗazu Haske ta ɗauki wayar tana wasa, yatsanta a kan saƙon, na fizge har ta yi kuka.

In ya ce in yi haƙuri in dawo da Haske a ɗaure ta, na san amsata. Abin da nake tsoro shi ne ya ce wani abu daban.